Shafi na Goma Sha Ɗaya

Ruwan Agusta ya kwana uku a Bukoki,
a na huɗu katangar cocinmu ta gaji da tsayuwa.
Ta kwanta kan rumfar Ilu Tela,
kan kekensa, kan yadin mutane,
kan ƙafarsa ta dama, wadda yake taka keken da ita.

Ni ce ma'aji. Lai'atu sunana.
Shekara tara ina ƙirga baikon Lahadi,
dala-dala, da takardun da suka sha gumi har suka yi laushi.
Shekara tara ina kai wa kamfanin asurans rabonsa,
dattawa na cewa, ga Lai'atu za ta zuba gero a rijiya.

Sammaci ya zo ran Talata, a kan moto.
Daren nan aka ɗauke wuta.
Na riƙe tocila da haƙori, na buɗe takardar
da ba wanda ya karanta tun ranar sa hannu.

Shafi na bakwai ya ce: lauya namu ne, mu za mu zaɓa,
mu za mu biya shi,
da kuɗin hatimi, da na mai zuwa da igiya ya auna katanga.
Jikka ɗari na farko dai naku ne.
Na sauke numfashi. Ashe rijiyar da ruwa.

Shafi na tara ya ce: kada ku amsa laifi,
ko da baki, ko a rubuce.
Da safe Fasto Kefas ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa.
Ya ce, ni da nake koya wa jama'a furta zunubi,
in je asibiti da baki a ɗinke?
Tsagar nan tun bara muka gan ta, Lai'atu.
Ƙadangare ma shaida ne.

Sai shafi na goma sha ɗaya,
rubutu ƙanana kamar ƙwan tururuwa:
tukunya ɗaya ce.
Miliyan biyar, babu ƙari.
Daga ciki lauya zai ci,
abin da ya rage shi ne iyakar abin da za su ba Ilu,
in kotu ta yanke fiye da haka,
sauran a kan baikonmu.

Tun daga nan nake jin ƙarar ludayi.
Zaman farko, aka ɗage. Ludayi.
Na biyu, rahoton likita bai iso ba. Ludayi.
Na uku ban ma gane dalili ba,
Faransanci ne ya yi ta zuba kamar ruwan indararo.
Ina rubutawa a bayan littafin baiko,
ana kare mu, ƙashin Ilu yana ramewa a lissafi.

Na hau bene wurin Metir Zaliha, a Filato.
Ba muguwa ba ce. Ta ba ni ruwan sanyi.
Na ce, a yi sulhu tun da sauran tuwo.
Ta ce, ni ma haka na gani,
amma wanda ya biya makaɗi shi ke zaɓen kiɗa.
Sai kamfani ya yarda. Mu rubuta musu.
Muka rubuta. Yau kwana goma sha shida.

Ilu ya dawo da sanda.
An sa wa kekensa hannu, yana juyawa a zaune,
ɗinkin na tafiya a hankali kamar shari'ar.
Jiya na kai masa rigunan ƴan kwaya, guda ashirin da biyu,
na biya kafin ya zare zare.
Ban ce mun yi laifi ba.
Na ce, sannu, Malam Ilu.
Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce,
wannan ma lauya ne ya rubuta miki?

Na ce a'a.
Na duba dukan shafukan,
babu wanda ya hana.